INA GAJIYA? AKWAI GAJIYA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa tambayar "Ina gajiya?" amsa ɗaya gare ta, watau "Ba gajiya." Manomin da ya wuni yana huɗa haka zai ce, matar da ta dawo daga rijiya da tulu na bakwai haka za ta ce, kai ko ɗan damben da aka kwasa daga fage, in ya farfaɗo aka gaishe shi, abin da zai faɗa ke nan. Haka nan idan aka tambayi marar lafiya "Yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi," ko da kuwa da ƙyar maganar ta fito. A ajin nazarin al'ada an koya mana cewa wannan ladabi ne da juriya da godiya ga Allah, kuma ban musa ba. To, amma manufata a cikin wannan ɗan rubutu ita ce in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa wata irin jinya ta shigo mana a wannan zamani wadda ladabin nan namu yake iya yi wa mummunan lahani, watau jinyar mutumin da aka yi wa aikin tiyata don a rage masa ƙiba. Gajiyar irin wannan majinyaci labari ne jikinsa yake bayarwa, kuma idan gaisuwa ta danne labarin, ana iya rasa lafiyarsa ko ma ransa.

Ga wanda bai san wannan aiki ba, ga yadda yake a taƙaice. Idan ƙiba ta yi wa mutum yawa har ta jawo masa ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci, kuma rage ci da motsa jiki da shan magani duk suka gaza, likitoci sukan rage masa tumbi. Iri biyu aka fi yi. A na farko ana yanke kamar kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar wani siririn abu mai kama da ayaba. A na biyu kuwa ana keɓe wani ɗan aljihu a saman tumbin wanda bai fi girman ƙwan kaza ba, a haɗa shi da ƙaramin hanji, yadda abinci zai tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita a Jami'ar Ayowa ta Amurka mai suna Edward Mason shi ya fara irin na biyun a tsakiyar shekarun 1960, kuma tun daga shekarun 1990 aka koma yin aikin ta 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan masu hali daga cikinmu suka fara tafiya Masar da Indiya da Turkiyya neman wannan aiki.

Ban karanta likitanci ba. Abin da ya sa na shiga wannan magana shi ne na yi jinyar Baffana, yayan mahaifina, a gidanmu da ke Sifawa cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Baffa ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ƙiba ta kai shi ga yin salla a kan kujera shekara da shekaru, ga ciwon sukari yana cinsa. A watan Janairu na 2024 ya tafi Masar aka yi masa irin aikin nan na biyu, ya dawo gida da takardu cikin Turanci waɗanda babu mai karanta su a gidan sai ni. Da haka na zama ɗan jinya, na zama tafinta, wani lokaci ma na zama ɗan sandan ƙofa.

Abin da ya fara ba mu tsoro shi ne kasala. Mutumin da a da muryarsa take cika zaure, sai ga shi yana gyangyaɗi ana cikin magana da shi. Wata rana da safe, bayan baƙi sun watse, ya kira ni ya ce, "Yaro, ban san mi as same ni ba. Ko buta na ɗauka sai in ji kamar buhun gero." Mai karatu ya lura, minti kaɗan kafin wannan, mutum ya fi goma sun tambaye shi gajiya, kuma kowanne ya sami amsar "Ba gajiya."

Haƙiƙa akwai gajiyar da ba makawa sai an yi ta, kuma ita ba abin tsoro ba ce. Jiki yana ɗinke rauni a ciki, wanda aiki ne mai cin ƙarfi, alhali kuwa abin da yake shiga cikinsa a makonnin farko bai wuce ruwa-ruwa ba, cokali kaɗan a lokaci guda. Daga ruwa ake komawa ga abin da aka dama, sa'an nan mai taushi, kafin a kai ga abinci sosai bayan kamar mako shida zuwa takwas. Mutumin da ya saba da malmalar tuwo uku, aka mayar da shi ga rabin kofin romo, dole ya ji duniya tana juya masa. Wannan irin gajiya haƙuri take so da barci da 'yar tafiya kaɗan-kaɗan a tsakar gida, domin kwanciya tsawon yini tana ƙara kashe jiki, tana kuma iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Alamarta ita ce tana raguwa daga mako zuwa mako.

Gajiyar da nake jan hankali a kanta ita ce wadda take da wani dalili a ƙarƙashinta, kuma dalilin farko a ƙasarmu shi ne ƙishirwa. Ana so majinyacin ya sha ruwan da bai gaza lita ɗaya da rabi ba a yini, watau ledar ruwa uku, amma ba zai iya ɗaga moɗa ya kwankwaɗa kamar kowa ba, sai dai kurɓi-kurɓi daga safe har dare. Bugu da ƙari, ba a so ya haɗa ci da sha, sai ya bar kamar rabin awa a tsakaninsu. Likitan da ya rubuta wannan ƙa'ida bai yi zaman Sakkwato a watan Afrilu ba, inda zafi yake haura ma'auni 40, gumi yana kwashe abin da aka sha tun kafin ya zauna. Duk ranar da Baffa ya shagala da baƙi ya manta da kurɓinsa, kafin la'asar sai jiri da ciwon kai su kama shi, fitsarinsa ya yi ja. Sai da na ajiye masa gora mai alama a gefen tabarma, ina duba ta kamar mai duba agogo.

Na biyu shi ne abinci mai gina jiki, wanda masana suke kira furotin. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne giram 60 a yini. Ƙwai ɗaya kuwa kamar giram 6 yake da shi, ke nan ana maganar kwatankwacin ƙwai goma ga mutumin da ƙwai ɗaya yake cika wa ciki. Idan bai samu ba, jiki sai ya koma cin naman kansa, mutum ya rame ta inda ba a so, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. A nan ne na ga amfanin abin da muke da shi a gida. Kindirmo marar sukari da alalen wake da awara da kifin da aka dafa ya yi laushi da ƙwan zabi duk suna yin aikin da garin gwangwani mai tsada yake yi, in dai za a fara da su kafin a taɓa tuwo. Matsalar ita ce a wurinmu tuwo shi ne abinci, sauran duk mahaɗi ne, kuma juya wannan tsari a kan tsohuwar da ta shekara hamsin tana tuƙa tuwo ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai kuma abubuwan da ido ba ya gani. Sinadarin ƙarfe, wanda jini yake bukata, a farkon ƙaramin hanji ake tsotsarsa, daidai wurin da aikin ya tsallake. Bitamin B12 kuwa ba ya shiga jini sai da taimakon wani ruwa da tumbi yake fitarwa, ga shi an rage tumbin. Shi B12 hanta tana da ajiyarsa ta shekaru, saboda haka mutum yana iya yin shekara biyu ko uku lafiya lau, ya yar da ƙwayoyinsa ya ce ya warke, sa'an nan kasala da mantuwa da jin tafin ƙafa kamar ana tsira masa allura su sallamo. Wanda ya fi gaggawa shi ne bitamin B1, domin ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku. Majinyacin da yake ta amai ba ƙaƙƙautawa yana iya ƙarar da ita, ya fara ruɗewa, yana tangaɗi, yana ganin abu biyu-biyu, kuma in ba a yi hanzari ba ƙwaƙwalwa takan sami lahanin da ba ya gyaruwa. A nan akwai wani haɗari da ya shafe mu musamman. Mun saba idan mutum ya galabaita a kai shi kemis a ce a yi masa ƙarin ruwa. To, ruwa mai sukari idan aka ɗaura wa wanda B1 ɗinsa ya ƙare ba tare da an fara ba shi bitamin ɗin ba, yana iya tunzura wannan ciwo. Wanda duk zai ɗaura masa ruwa, wajibi ne a gaya masa irin aikin da aka yi, ko da majinyacin yana jin kunyar a sani.

Kunyar nan kuwa babba ce, kuma a cikin harshenmu take da saiwa. Idan Bahaushe ya ce "Ka yi ƙiba," yabo ya yi. Wanda ya samu sauƙi cewa ake ya murmure, ya yi kumatu, ya ciko. Amarya in ta yi ɓul-ɓul an ce gidan miji ya karɓe ta. Rama kuwa ba ta da abokan tafiya sai ciwo da talauci da baƙin ciki. Saboda haka mutumin da ya biya kuɗi masu yawa don ya rame, ya yi abin da harshen ba shi da kalmar yabo a kansa. Da Baffa ya fara zubewa, riguna suka yi masa yawa, gashin kansa ya fara kaɗewa wajen wata na huɗu kamar yadda yakan faru ga masu wannan aiki, sai maganganu suka tashi a gari. Wasu suka ce ciwon daji ne ake ɓoyewa, wasu suka ambaci cutar nan da ba a son faɗar sunanta. Gwaggona kuwa hukuncinta ɗaya ne. Ta ce, "Wagga rama ba ta lahiya ta ba. An sa mai hannu." Mutumin da ake yi wa irin wannan kallo, yaya za a yi ya buɗe baki ya ce ya gaji? Sai ya ƙara cije haƙori, ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwa awa uku don a ga ƙarfinsa, ya shiga ɗaki ya faɗi kamar matacce. Ga kuma damuwar zuci, wadda ita ma kasala take haifarwa, domin wanda cin abinci tare da jama'a ya zame masa rabin jin daɗin duniya, yanzu ya koma ɗan kallo a bakin akushi.

Dubiya ibada ce, kuma ba ni da niyyar rage mata daraja. Amma ina ganin mun mayar da ita hakkin mai zuwa, mun manta cewa don marar lafiya aka yi ta. Kowa ya zo da ƙwaryar fura da sukari, ko lemun kwalba, ko lemun malti da madarar gwangwani wai don ƙarin jini, kuma ba zai tashi ba sai ya ga an sha. Ga wanda aka yi wa wannan aiki, abu mai zaƙi yana zubawa cikin hanji kai tsaye, cikin minti goma zuwa talatin sai zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, ciki ya murɗa. Wani lokaci kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini ya faɗi warwas, mutum ya yi laushi kamar tsumma. Sau biyu haka ta faru ga Baffa, duka biyun kuwa saboda ya ji nauyin mayar da hannun wanda ya girme shi. Da na fara tsayawa a ƙofa ina cewa, "Baba, ku yi haƙuri, likita ya hana," sai aka ce ɗan boko ya raina manya. Na karɓi sunan.

Wani abin da na kama a ƙarƙashin matashinsa shi ne ƙullin ƙwayoyin nan da masu talla suke sayarwa da sunan maganin gajiya. Irin wannan ƙulli sau da yawa akwai ibuprofen ko diclofenac a ciki, su kuwa suna cikin abin da aka fi hana masu wannan aiki, domin suna haddasa gyambo a daidai mahaɗar tumbi da hanji, gyambon ya riƙa tsiyayar da jini a ɓoye, gajiyar da aka sha maganin dominta ta ninku. Haka kuma magungunansa na sukari da na hawan jini, waɗanda ya ci gaba da sha bisa tsohon ƙa'ida alhali jikin ya canza, su ma sun taimaka wajen jirin da yake ji, sai da likita a Sakkwato ya auna shi ya rage masa su. Wannan ya nuna cewa wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje yana bukatar likita a gida tun ranar da ya sauka, wanda zai riƙa auna jininsa lokaci-lokaci har iyakar rayuwarsa, kuma daga Sifawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba tafiyar da za ta gagari mai kuɗin jirgin Masar ba ce. Idan kuwa a makonnin farko aka ga zazzaɓi, ko bugun zuciya mai sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko numfashi yana yankewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan ya wuce maganar gajiya, asibiti za a nufa a daren.

Gardama mafi zafi da muka yi ita ce ta azumi. An ɗauki azumin 2024 ranar 11 ga Maris, wata biyu kacal bayan aikin, cikin tsakiyar bazara. Baffa ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Lissafin kuwa a fili yake: mutumin da sai ya wuni yana kurɓa kafin ya cika lita ɗaya da rabi, ba zai iya haɗa ruwan yini da abincin yini tsakanin magariba da asuba ba, shi ya sa likitoci da yawa suke ba da shawarar a ɗaga azumi a shekarar farko. Maganata ba ta shige shi ba, ya yi na farko, ya yi na biyu, a na uku aka ɗauke shi daga masallaci. Wani malami abokinsa ne ya zo ya tuna masa da sauƙin da Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya, ya ce masa ƙin karɓar rangwamen Ubangiji ba ya cikin tsoron Allah. Abin da ɗan jami'a ya kasa cikin mako biyu, malam ya gama shi kafin shayi ya huce, kuma wannan ya koya mini ta bakin da ya kamata irin wannan bayani ya riƙa fitowa.

Na san wani zai ce wannan ciwon masu kuɗi ne, kuma a jihar da yara suke fama da tamowa, abin kunya ne ɗalibi ya ɓata takarda a kan wanda ƙoshi ya yi wa yawa. Akwai gaskiya a ciki. Amma matar da aka yi wa aiki aka ciro jariri, da wadda aka ɗinke wa yoyon fitsari, da tsohon da aka yi wa aikin gwaiwa, duk gaisuwa ɗaya ake yi musu, amsa ɗaya suke bayarwa, kuma da yawansu suna komawa ga turmi da gona da ƙarancin jini saboda kada a ce sun cika raki. Abin mamaki shi ne al'adarmu ta san darajar hutu. Ita ta ware wa maijego kwana arba'in, ta ce a ba ta nama, ta ɗauke mata aiki, haka kuma ta yi wa ɗan kaciya. Sai dai al'ada ba ta rasa kuskure, domin a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun nuna alaƙar kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa. Hutun nan shi ya kamata mu riƙe mu faɗaɗa shi ga duk wanda wuƙar likita ta taɓa, ɗurar abinci kuwa a auna ta da irin ciwon.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da hujjar ɗaukar binciken lafiyar jiki a matsayin baƙon abu. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi yana nan kusa a Boɗinga, kuma ɗansa Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Mutanen da suka zauna suka rubuta littafi a kan basur ba su ɗauki faɗin ciwo da sunansa a matsayin rashin kunya ba.

A nan ne nake ganin aikin ya faɗo kan sashenmu. Takardun da Baffa ya dawo da su, babu ko layi ɗaya na Hausa a ciki, kuma da na zauna fassara su sai na tarar kalmar "gajiya" ita kaɗai nake ta maimaitawa a wuraren da likita yake nufin abubuwa dabam-dabam. Alhali kuwa muna da kasala da jiri da hajijiya da galabaita da mutuwar jiki da laushi da nauyin jiki, kowacce da inda ta dosa. Da za a sami ɗalibin da zai ɗauki waɗannan kalmomi a matsayin kundin digirinsa, ya zauna da majinyata da ma'aikatan jinya ya tantance abin da Basakkwace yake nufi da kowacce, da ya yi wa likitoci aikin da na'ura ba za ta yi musu ba. Ni dai dabarar da na samu ita ce in bar gaisuwa ta wuce yadda aka saba, in karɓi "Ba gajiya" da hannu biyu, sa'an nan in matsa kusa in yi tambayar da ba ta da amsa shiryayya: "Baffa, yau sau nawa ka zauna kafin ka kai masallaci?" Wannan ba ya iya amsa ta da ladabi, sai da lissafi. A watan Afrilu amsar ita ce sau uku. Da damina ta sauka ta koma sau ɗaya, kuma kafin a yanke gero ya daina zama, ya kuma ajiye kujerar salla ya kai goshinsa ƙasa.

Gwaggo dai har yanzu tana nan a kan bakanta cewa rubutun da ta karɓo masa ne ya karya abin, kuma duk ranar Juma'a sai ta aiko da ƙwaryar fura. Yanzu dai ta yarda ta daina sa sukari, ni kuma nake shanye fiye da rabi.